Naman Da Na Ba Karen Kambai

Litinin, 4 ga Agusta, da hantsi

Maman Dickson ta zo daga Madakiya. Milka ke nan, matar ƙanena marigayi. Tun daga ƙofa na ji muryarta tana yi wa mai mashin faɗa don ya bi da ita ta cikin taɓo. Kafin ta shigo na lalubo hankici na rufe baki kamar mai mura.

Naman akuya ta kawo, soyayye, a kwano mai murfi. Ta durƙusa ta ajiye a gabana.

"Baba, akuya na ne ya karya ƙafa, na ce kafin ya mutu a banza bari a yanka. Wannan rabon babban gida ne."

Na yi godiya, na ce zan ci anjima. Ta jawo kujerar tsuguno ta zauna tana jira. A wurinmu wanda ya kawo wa babba nama ba ya tafiya sai ya ga ya kai ko yanka ɗaya bakinsa, ya sa albarka. Na san da haka sarai, ni da nake koya wa wasu. Na yi ta jan ta da hira, citta, damina, Dickson da aikinsa a Legas. Tana amsawa tana kallon kwanon. Da ta ga ba ni da niyya, ta miƙe ta gyara ɗankwali, ta ce hadari yana haɗuwa.

Bayan ta tafi na gwada tauna naman da gefen hagu. Sai da hawaye ya zubo mini. Na ɗauki kwanon na je bakin danga na juye wa karen Kambai, maƙwabcina. Shi dai yau ya ji daɗin duniya.

Laraba, 6 ga Agusta, da safe

Koko. Ruwan gishiri. Jini kuma a abin da na tofar.

Haƙoran tauna na dama sun tafi tun kafin Ista. Na gaba na ƙasa rawa suke yi, in na taɓa su da harshe sai su amsa. Dasashi ya kumbura. Amma duk wannan ba shi ya zaunar da ni a gida ba. Warin ne. Ni ban ma san da shi ba, sai ran da muke mitin na dattawan ikkilisiya, na sunkuya zan yi wa na kusa da ni magana a kunne. Ya ja baya, ya laluba aljihu, ya miƙo mini alewar minti ba tare da ya dube ni ba. Mutumin kirki ne, da zuciya ɗaya ya yi. Tun ranar ban koma ba.

Ni Gershon, hedimasta, wanda yakan jera yara a fili kowace Litinin yana duba musu haƙora da farce, bulala a hannu. Rabin magidantan unguwar nan sun taɓa wage mini baki jikinsu yana rawa. Yau a ce ni ne.

Da matata Zipora tana nan da ba a kai nan ba. Ita take yanko asuwaki, ta miƙo mini ɗaya da sassafe, mu zauna a baranda tana ba ni labarin mutanen da ban tambaye ta ba. Tun da ta rasu a Nuwamba ban sake neman asuwaki ba. Buroshin da Doreen 'yata ta aiko daga Abuja yana nan cikin ledarsa. Sai in wuni in kwana ban ce wa kowa uffan ba, to bakin da ba a buɗewa ban ga dalilin wanke shi ba. Haka na yi tunani, in ma tunani ne.

Alhamis, 7 ga Agusta, da rana

Ruwa tun asuba. Ban fita ba.

Lahadi, 10 ga Agusta, da hantsi

Daga nan ina jin bugun tulun matan zumunta a coci. Na bi waƙar a zuci har ƙarshe, ban manta ko baiti ɗaya ba. Sun ja amshin ya yi tsawo, kamar kullum.

Doreen ta kira bayan an tashi sujada.

"Baba, ka je coci?"

Na ce gwiwa ce ta hana ni. Ta ce muryata ta canza, kamar ina magana da abu a baki. Na ce layin ne ba kyau. Waya tana da wannan kirkin, ba ta kai wari.

Talata, 12 ga Agusta, da yamma

Koko. Ban fita ba. Kwana biyu ban ji haushin karen Kambai ba, unguwa ta yi tsit.

Alhamis, 14 ga Agusta, da yamma

Eli ya zo. Ɗan ƙanen mahaifinmu ne, shi yake riƙe da gidan gado a Madakiya tunda ni ina Kafanchan. Rabonsa da gidan nan tun zaman makoki. Ya shigo da fuskar masu gaisuwar mutuwa, ya kama hannuna da hannu biyu.

"Yaya, Ubangiji ne ya tsare ka. Mun ji komai. Ashe kai ma ka sani, ka yi shiru ne kawai."

Na ce na san me?

"Nama da matan nan ya kawo. Ka ƙi ci, ka ba kare, kare ya mutu. Jacinta matan Kambai ya gani da ido, ya faɗa a kasuwa. Yaya, kai mai ilimi ne, shi ya sa ka yi tes tukuna."

Tun Nuwamba akwai maganar da ake yi ƙasa-ƙasa. Zipora ta je Madakiya taya Milka haƙar citta, ta ci abinci a can, ta dawo, washegari ta faɗi a bakin murhu. Likita ya ce hawan jini ne, kuma ta daɗe da shi, ni nake karɓo mata magani. Amma mutanenmu hawan jini ba ya isar su, sai sun samo wanda ya yi. Ga Milka kuwa, daga Gwantu aka auro ta, miji ya mutu, ɗa yana nesa, gonar cittarta ta fi ta kowa kyau. Ba zan rubuta sunan da suke kiranta da shi ba.

Na ce wa Eli ba haka ba ne. Ta cikin hankici na faɗa.

"To don me ba ka ci ba?"

Na ce ba na jin yunwa ne ranar. Ya yi murmushin wanda aka tabbatar wa abin da ya riga ya sani. Ya ce famili za su zauna Asabar ta ƙarshen wata, a san yadda za a yi da ita, don ba za a jira ta gama da gidan duka ba.

Sai da ya tafi na lura ko ruwa ban ba shi ba.

Juma'a, 15 ga Agusta, da safe

Me ya hana ni gaya masa? Na gwada faɗa ni kaɗai a ɗaki, da ƙarfi. Ba wuya ko kaɗan in ba kowa.

Asabar, 16 ga Agusta, da rana

Na kira Kambai bakin danga. Ya zo yana sosa ƙeya yana waigen ƙofar gidansa.

"Baba Hedimasta, ka rufa mani asiri. Kare bai mutu ba. Masu sayen karnuka ne suka zo da keji a mashin, na sayar musu. Ka san Jacinta. Idan ya ji na sayar na sha burkutu da kuɗin, a waje zan kwana. Sai na ce ya mutu, na binne a rafi."

Na tambaye shi ko ya san abin da ƙaryarsa ta jawo wa mace a Madakiya. Ya ce Allah ya sani bai ɗauka Jacinta za ta haɗa maganar da nama ba. Zai faɗa, in ji shi, amma ba yau ba, sai ta huce daga wani laifin daban da ya yi mata. Na so in wanke shi tas. Sai na tuna ni ma tawa gaskiyar ba yau ba ce. Na koma ciki na ɗora ruwan koko.

Lahadi, 17 ga Agusta, da yamma

Gefen hagu ya kumbura har ƙasan ido. Na danna kanumfari. Ba ya yin komai, amma mutum yana so ya ga yana yin wani abu.

Talata, 19 ga Agusta, da rana

Doreen kuma. Dickson ya kira ta daga Legas yana kuka. An ce wa uwarsa ta ɗan huta da zuwa zumunta. Ta kira gayyar cire ciyawa a gonar citta, ta dafa, ta dama kunu, ba wanda ya zo. A bohol in ta ajiye bokiti sai mata su janye nasu.

"Baba, plis ka gaya min gaskiya. Anti Milka ce ta yi wa Mama wani abu?"

Na ce a'a, har abada.

"To me ya sa ka ba kare naman?"

Na kashe wayar. Daga baya na aika mata cewa caji ne ya ƙare.

Yarinyar nan in na gaya mata, gobe za ta shigo mota ta zo, ta buɗe mini baki, ta ga yadda ubanta ya zauna tun da uwarta ta tafi. Za ta ga kwanuka, za ta ga zanin gado. Za ta ce in bi ta Abuja, in zauna a bene ina kallon motoci. Na gaji tun ban je ba.

Alhamis, 21 ga Agusta, da hantsi

Yau na yi ƙoƙari, a rubuta mini wannan. Na yi wanka, na hau keke har asibiti, na tambayi inda ake duba haƙori, na samu benci na zauna. Sai ga wata da fararen kaya ta taho da sauri tana rusunawa.

"Gud monin sa! Sa, ba ka gane ni ba? Irene ce, aji shida. Kai ne ka taɓa kora na gida in je in wanke baki. Ka ga yanzu a nan nake aiki."

Tana dariya, haƙora fes. Ta ce me zan so a yi mini. Na ce dubiya na zo, na ɓata hanya. Ta raka ni da kanta har ɗakin maza, na tsaya a kan wani bawan Allah da ban taɓa gani ba na yi masa addu'a. Ya ce amin, ya gode.

Na dawo gida. Koko.

Asabar, 23 ga Agusta, da safe

Ruwa. Ban fita ba. Wani yana gasa masara a unguwa, ƙamshin ya cika ɗaki.

Lahadi, 24 ga Agusta, da yamma

Ta zo. Ba ta shigo ba, ta tsaya a bakin baranda yayyafi yana taɓa ta. Ta rame, zani ya yi mata yawa. Ta buɗe tafukan hannunta ta nuna mini.

"Baba, ban zo da komai ba. Kada ka ji tsoro."

Na ce ta shigo daga ruwa. Ta girgiza kai.

"Ni da Maman Doreen kwano ɗaya muka ci ranan. Hannu na a ciki, nashi a ciki. Idan akwai abu, don me ni ina nan? Eli ya ce in tattara in koma Gwantu. Wa na sani a Gwantu yanzu? Iyaye na sun mutu. Kabarin miji na yana bayan ɗaki na, ni ne ina share shi. A gidan ku na tsufa, Baba."

Na ce, "Maman Dickson, ban taɓa zarginki ba, ko sau ɗaya."

"Ba na ji. Cire hankici ka faɗa."

Hannuna ya ƙi sauka. Tana tsaye kusa, da na cire da ta ji. Ta daɗe tana kallon hankicin, sannan ta kaɗa kai a hankali.

"Ashe ko iska da na shaƙa ma ba ka so ya taɓa ka."

Ta juya ta shiga ruwan. Na kira ta, ba ta waiwayo ba. Ban taɓa jin kunya irin ta yau ba, har ta fi ta ranar alewa.

Litinin, 25 ga Agusta, da rana

Ban dama koko ba.

Laraba, 27 ga Agusta, da safe

Na yage ledar buroshin Doreen. Na goga, jini ya cika kofi. Kamar mutumin da ya tashi gyara rufi bayan ɗaki ya riga ya jiƙe.

Na zauna a baranda kusa da kujerar Zipora. Da tana nan da tuni ta ja ni da kunne ta kai ni gaban Irene, tana gaya wa duk wanda muka gamu da shi a hanya abin da ya kai mu. Ba ta san ɓoye-ɓoye ba matar nan. Ina jin haushin hakan tana raye. Kuma ita da Milka ba ka jin kansu, in sun haɗu sai dariya da gulmar mu mazansu. Da sunanta yanzu ake korar Milka.

Na gaji, Zipora. Ba ciwon ne ya gajiyar da ni ba, shirun ne.

Juma'a, 29 ga Agusta, da yamma

Na aika a kira mini Kambai, mu tafi tare gobe ya faɗa da bakinsa. Jacinta ta ce ya tafi Godogodo duba gona, sai mako mai zuwa. Kambai ba shi da gona a Godogodo.

Na fito da farin kaftani na goge.

Asabar, 30 ga Agusta, da yamma

Na dawo. Bari in rubuta tun ban kwanta ba.

A ƙarƙashin mangwaron gidan gado aka zauna. Maza a kan benci, mata a baya. Milka ita kaɗai a ƙasa, a tsakiya. Ta riga ta ɗaure kayanta, na hango su jere a ƙofar ɗakinta, har da turmi. An buɗe da addu'a, mai addu'ar ya roƙi Ubangiji ya tona asirin masu aikin duhu, aka ce amin da ƙarfi. Eli ya yi dogon bayani, ya fara tun daga mutuwar ƙanena. Ya haɗa da saniyar wani da ta yi ɓari. Sannan ya ce Yaya zai yi magana.

Na miƙe na ce kare bai mutu ba, sayar da shi aka yi. Eli ya ce ina Kambai? Na ce ya yi tafiya. Aka yi ta gunaguni. Wani ya ce Baba mai tausayi ne, rufa mata asiri yake yi. Sai wata tsohuwa daga baya ta ɗaga murya.

"Magana ba wuya. Idan ba ya tsoron shi, ya ci daga hannun shi mu gani."

A gidanmu rigima irin wannan baki ba ya kashe ta, sai kaza. Wanda ake zargi ya yanka, ya dafa shi kaɗai ba mai leƙa tukunyar, ya kawo wa babban gida ƙundu. In babba ya ci, magana ta mutu, ba mai sake tada ita. In ya ƙi, an gama shari'a.

Milka ta tashi ta nufi akurki. Tsohon zakara ne ya rage mata, sauran ta sayar saboda tafiya. Muka zauna muna jin kukansa, muna jin ƙamshin hayaƙi. Ta dawo da ƙaramin kwano ta ajiye a gabana, ba ta durƙusa ba. Ƙundun tsohon zakara, baƙi, da tauri kamar dunduniyar takalmi.

Na cire hankicin. Na ninke shi na sa a aljihu.

Na ce, "Ku matso ku gani. Ga abin da ya hana ni cin naman Maman Dickson."

Na buɗe baki iya buɗewa. Na juya dama, na juya hagu, kowa ya samu rabonsa. Eli yana kusa da ni, na ga lokacin da warin ya iso masa, ya kau da kai ya yi kamar tari. Na ce haka nake tun bayan da muka binne Maman Doreen, kuma ba wanda ya yi mini, ni na zauna na bar shi ya ruɓe.

Sannan na ɗauki ƙundun na gatsa. Ɗaya daga haƙoran gaba ya tsaya a cikin naman. Na zare shi na ajiye a kan benci, na ci gaba da abin da ya rage mini. Ban san tsawon lokacin da na ɗauka ba. Jini yana ɗiga a kan kaftani, hawaye yana bin sa, ina taunawa. Na haɗiye. Na ce Ubangiji ya sa albarka a hannun da ya dafa. Amin ɗin ya zo ɗaya-ɗaya, na Eli ne na ƙarshe.

Ba wanda ya yi dariya. Da sun yi da ya fi mini sauƙi. Suka fara zamewa, wannan zai duba akuya, wancan hadari ya taso. Mai addu'ar farko ma bai tsaya ya rufe ba. Wata ta tsaya ta ce wa Milka sannu da aiki, kamar ba ita ta janye bokiti ba.

Ina tafiya bakin hanya neman mashin na ji takun mutum a bayana. Ita ce. Ta zo dab da ni, fuska da fuska, ba ta kau da kai ba.

"Haƙori, Baba?"

Na ce haƙori.

"Domin haƙori aka daina amsa gaisuwa na? Domin haƙori na dafa abincin gayya na zubar wa aladu, Dickson yana kuka a waya kaman yaro? Da ka ce mani, da na dama maka paten acca. Me ne ne wuya a pate?"

Na fara cewa ta yi haƙuri, bakin ya cika da jini, sai da na juya na tofar. Ta tsaya ta jira na gama.

"Litinin ka shirya da safe. Zan zo in kai ka asibiti su duba sauran. Ba domin na huce ba. Domin ba ka da kowa ne, kaman ni."

Ta juya ta koma kwance kayanta.